Yadda Rubutun Littattafai Ya Zama Sana'a a Kano

A cikin shekarar 1929 Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara a Kano, daga baya aka mai da ita Zariya. Aikinta na farko shi ne juya littattafan Larabci da na Turanci zuwa Hausa, don 'yan makaranta su sami abin karantawa. Da Dokta R. M. East ya zama shugabanta, sai ya ga fassara kaɗai ba ta isa ba. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labari da kansu, aka sa gasa.

Littattafai biyar aka zaɓa aka buga. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. To, abin lura a nan shi ne, babu ko ɗayansu da ya ajiye aikinsa don rubutu. Imam yana da shekara 22 a lokacin, malamin makarantar Midil ne a Katsina. Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Bauci.

A 1936 aka kira Imam Zariya ya yi wata shida. An tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa, ya karanta, ya rubuta nasa, suka riƙa dubawa tare da East suna gyara. Da haka aka sami Magana Jari Ce, littafi uku. Wannan ya nuna mai son rubutu sai ya yawaita karatu, ya kuma yarda wani ya ga kuskurensa tun littafi bai shiga inji ba. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Zamanin Yaƙi da Jahilci aka kafa hukumar NORLA, ta buga ƙananan littattafai masu yawa don waɗanda suka gama aji, kafin a rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Duk wannan lokaci, mai son a buga masa littafi sai ya aika Zariya ya jira amsa.

Abin ya canja a Kano. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilmin manya, masu iya karatun boko suka ƙaru ƙwarai. Amma daga 1986 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi mai da hankali ga littattafan makaranta. Matsin nan shi ne ya taɓa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, har da yawa suka rage ma'aikata, waɗansu suka rufe. Marubutan Kano ba su zauna jira ba. Suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba'o'i, suka biya da kuɗinsu, suka kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa. Waɗansu suka haɗa ƙungiya mai suna Raina Kama don su taimaki juna.

Mutum biyu daga cikinsu sun isa misali. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, sai daga baya ta koma karatun manya. Ta buga Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka juya shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma ta ajin manya ya sami boko, ga shi littafinsa In Da So Da Ƙauna na 1991 ya zagaye ƙasar Hausa. Dukansu abin da suka gani a gidaje da unguwanni suka rubuta, da Hausar da kowa ke ji.

Saboda haka ma'aikacin majemar Challawa, ko leburan Sharaɗa, wanda ya karɓi takardar shaidar gama aji, kada ya ce rubutu na manyan malamai ne. Ya riƙe aikinsa, gama littafin farko ba ya ciyar da iyali. Ya keɓe lokaci kaɗan kullum, ya rubuta abin da ya sani, kamar zaman jiran albashi da ranar sallama daga aiki. In ya gama ya karanta wa abokai da ƙarfi, inda harshensa ya sarƙe nan ke son gyara. Kafin ya biya maɗaba'a kuwa, ya fara sanin wanda zai sayar masa, da yadda za su raba kuɗi, a rubuce. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.