Lambar Zinare Ba Ta Isa Ma'auni Ba: Gyara Kan Jera Gwanayen Sofbol Mata

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a wurin masu sharhin wasanni, cewa idan ana son sanin gwanar gwanaye a sofbol, wato ƙanwar besbol da ake jefa ƙwallonta ta ƙasan hannu, sai a ƙirga lambobin zinare na Olamfik. A wannan lissafi Lisa Fernandez ta Amurka tana cikin waɗanda ke kan gaba, da zinare uku a 1996 da 2000 da 2004. Ba ina ja da gwanintarta ba ne. Ma'aunin nake ganin ya karkace.

Tarihin sananne ne: wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996, aka kaɗa ƙuri'ar cire shi a Singafo a 2005, ya dawo a gasar Tokyo da aka yi a 2021.

To, ina za a ajiye Joan Joyce? An haife ta a 1940, ta yi tashenta da ƙungiyar Raybestos Brakettes, kuma a 1961 ta yi ta jifa, Ted Williams, ɗaya daga cikin manyan mabugan besbol, yana kai duka yana dukan iska. Ranar da aka buɗe ƙofar Olamfik ta haura shekara hamsin da biyar. A ma'aunin zinare, ko sunanta ba zai fito ba.

Wani abokin aiki da muka daɗe muna wannan muhawara yana da hujja mai nauyi. Ya ce Olamfik ne babban fagen da ƙasashe ke haɗuwa ƙarƙashin doka ɗaya, duniya na kallo, alhali yawancin nasarorin Joyce a kan ƙungiyoyin cikin gida ta same su, a zamanin da 'yan mata kaɗan ne ke wasan, kafin dokar ilimi ta 1972 ta tilasta wa makarantun Amurka ba su fili. Rabin maganarsa na karɓa. Ba ni da abin da zan tabbatar da cewa Joyce ta fi Fernandez, don haka na janye daga nan. Abin da hujja ta ba ni dama in faɗa bai kai haka faɗi ba: adadin lambobi yana nuna sau nawa aka buɗe ƙofa ne, kafin ya nuna ƙarfin hannu.

Yukiko Ueno ta Japan ta ishe mu shaida, domin ita ta cika sharaɗinsa. A Beijin, a 2008, ta yi jifa 413 cikin kwana biyu, ta kayar da Amurka, ta ɗauki zinare. Sai ta zauna shekara goma sha uku babu fagen Olamfik. Da aka dawo a 2021, tana da shekara 39, ta sake ɗauka. Gasar 2012 da ta 2016 sun wuce ta tana kan ganiyarta. Wa ya hana ta lamba, rauninta ko ƙuri'ar Singafo?

Duk wanda ya san gonakin Kadawa a Garun Malam ya san wannan lissafi. Manomin da gonarsa ke bakin hanyar ruwan dam ɗin Tiga yana loda kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan, na can ƙarshen magudana yana tsaye da fartanya yana jiran ruwan da bai iso ba. Ba wanda zai ƙirga kwanduna ya ce na biyun bai iya noma ba. Haka nan kakanninsu da suka yi noma kafin a gama dam ɗin a 1974 ba a auna su da amfanin rani.

Ina roƙon masu rubuta tarihin wasannin mata da Hausa, duk sunan da za su jera, su rubuta shekarun da mai shi ta yi wasa, da gasar da ta tarar a buɗe a lokacin. Da haka Joyce za ta shiga jerin, kuma mai karatu zai ga dalilin da ya sa zinaren Ueno ya tsaya a biyu.