Daga tukunyar mangul zuwa tukunyar Anu Araran: tarihin tururi da matsalar sunansa

Aikin tattara kalmomin kimiyya da Hausa ne ya kai mu ga wannan batu. Kalmar Faransanci *chaudière* ta tsayar da mu. Wasu abokan aiki sun ce a kira ta "tukunya" kawai. Mu kuwa muna ganin sai an bi tarihin abin kafin a raɗa masa suna.

Mutanen Kelle, a ƙasar Kutus, arewa da Gure, sun daɗe da sanin dafa ruwa a matsayin sana'a. Maƙwabtansu na Muniyo da Manga suna tace ƙasar gishiri, su dafa ruwan cikin tukwanen yumɓu har ya ƙafe, mangul ya fito. Amma a nan gishirin ake nema, tururin hasara ne, iska ke kwashe shi. Tukunya buɗaɗɗa, kome yawan icen da aka tura mata, ruwanta ba ya wuce digiri 100. Sauran wutar tana tafiya ne wajen mai da ruwa tururi, aikin da ke cin wuta fiye da ninki biyar na abin da ake bukata don kai ruwan sanyi ƙalau ga tafasa.

Rufaffiyar tukunya ta kusanto yankin tare da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru, kudu da Gure bayan iyaka, a 1930, kuma kwal ɗin Inugu jiragen ke ci. A cikinta matsi ke hana ruwa tafasa da wuri: in matsin ya ninka na iska sau 40, sai wajen digiri 250 yake tafasa. Wato an juya al'amarin mai mangul, tururin ya zama abin nema.

Me ya sa ake neman wannan zafi? Sadi Carnot ya ba da amsa tun 1824: inji ba ya samun aiki sai zafi ya gangaro daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ke yanke iyakar ribar. Misali, tururi mai digiri 450 da ke hucewa a digiri 50 ba zai ba da fiye da kashi 55 cikin 100 ba, ko a bisa takarda. A zahiri abin bai kai haka ba. Ashe tukunyar zango ɗaya ce cikin huɗu: famfo ya tura ruwa, tukunya ta mai da shi tururi, tururi ya juya tirbin, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa.

A Nijar, sai a Anu Araran, kusa da Cirozerin, aka ga zangunan nan cikakku. An kafa SONICHAR a 1975, tasharta mai injuna biyu, kowane megawat 18,8, ta fara ba da wuta a 1981 domin ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan (na Akokan an rufe shi a 2021) da kuma garin Agadas. Kwal ɗin wurin toka ta yi masa yawa, ruwa kuma daga rijiyoyi masu nisa ake jawo shi. A hamada wuta ba ta da wuya. Sanyi ne ke da tsada.

Nan ne harshe ke sa mu tuntuɓe. "Zafi" na ɗauke da *chaleur* da *température* duka biyu, alhali bayanin Carnot bisa bambancinsu ya tsaya. "Wuta" ma na nufin ta murhu da ta lantarki. Ɗalibin da aka ce wa "zafi na shiga, zafi bai ƙaru ba" zai zaci malami ya ruɗe, ga shi kuwa ainihin abin da ke faruwa ke nan lokacin tafasa. Shawararmu ita ce a ce "yawan zafi" ga na farko, "matakin zafi" ga na biyu, *chaudière* kuma "tukunyar matsi". Mun bar "tukunyar tururi" ga masu dambu.