Kano ta Kudu: Ƙasar Noma da Tarihin Ƙuri'arta

 Yau zancen namu na zaɓe ne, amma fa ba kamfe muka zo yi wa kowa ba. Tarihi za mu bi, na mazaɓar sanata da ake kira Kano ta Kudu. Ko kina cikinta ko ba kya ciki, ki ɗan rage wutar murhu ki saurara.

Da farko, mece ce mazaɓar sanata? Kowace jiha a Nijeriya an raba ta gida uku, kowane kashi yana tura mutum ɗaya Majalisar Dattawa a Abuja. Idan aka haɗa da na Abuja guda ɗaya, sanatoci 109 ke nan. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, a cikinsu 16 suna Kano ta Kudu. Ga su nan, ki ji ko akwai garinku: Ajingi, Albasu, Bebeji, Bunkure, Doguwa, Garko, Gaya, Ƙaraye, Kibiya, Kiru, Rano, Rogo, Sumaila, Takai, Tudun Wada da Wudil. Kin ga babu ko unguwa ɗaya ta birni a ciki. Ban da kujerar sanata, yankin yana da kujeru 7 a Majalisar Wakilai.

Ƙasa ce mai faɗi. Ta gabas ta yi iyaka da Jigawa, ta kudu maso gabas da Bauchi, ta kudu da Kaduna, sannan can wajen Rogo ta taɓo Katsina. Duk yadda aka ƙara nausawa kudu, ruwan sama yana ƙara yawa, duwatsu da itatuwa suna ƙaruwa, har a kai dajin Falgore da garin Ririwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Shi ya sa masara da shinkafa da rake suke yi sosai a can, alhali gero da dawa da gyaɗa da wake sun fi yawa ta wajen Gaya da Ajingi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, a nan take, kuma ita ke shayar da noman rani na su Bunkure. Haka madatsar Challawa tana ƙasar Ƙaraye. Ruwan Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su wuce ta ƙarƙashin gadar Wudil, garin da ake cin babbar kasuwar shanu duk ranar Juma'a.

Wajen tarihi ma ba baya ba ne. Rano tana cikin Hausa Bakwai. Gaya kuwa, masana tarihi suna danganta maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala da ita, wato Abagayawa. A ƙarni na 19 garuruwan kudancin Kano sun sha fama da harin Ningawa, abin da ya sa mutane suka riƙa taruwa a garuruwa masu ganuwa. A 2019 Gwamna Ganduje ya kafa sababbin masarautu huɗu, uku daga ciki, Rano da Gaya da Ƙaraye, duk a wannan yanki suke. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke su, daga baya aka dawo da ukun nan a matsayin masarautu masu daraja ta biyu.

To yanzu mu zo kan ƙuri'a. 'Yar uwa, kin san kuwa a zaɓen 1959, wanda aka yi gab da samun 'yancin kai, babu mace ko ɗaya a Arewa da ta jefa ƙuri'a? Matan kudancin Nijeriya sun yi zaɓe, kakanninmu kuwa doka ta hana su. Irin su Hajiya Gambo Sawaba da Malam Aminu Kano sun daɗe suna fafutuka a kan haka, Gambo har kurkuku ta sha shiga. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe ƙofa, sannan a 1979 matan Arewa suka shiga babban zaɓe na ƙasa karon farko.

A wannan zaɓe na 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ce ta lashe Kano. Wanda ya zama gwamna, Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙauyen Rimi ne da ke ƙasar Sumaila. Yana hawa ya soke haraji da jangali, waɗanda suka daɗe suna takura wa manoma da makiyaya, ya kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya a 1980, inda mata da dama suka koyi karatu da rubutu. Amma da ya bar PRP ya koma NPP, sai ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo a 1983. Bayan an cire Jigawa daga Kano a 1991, wani ɗan yankin, Kabiru Ibrahim Gaya, ya zama gwamna a jam'iyyar NRC daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, lokacin da soja suka rushe komai.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, PDP ce ta ci kujerar sanata ta hannun Mas'ud El-Jibrin Doguwa. A 2003 guguwar ANPP ta taso a Kano, Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. A 2007 Kabiru Gaya ya ci kujerar sanatan Kano ta Kudu a ANPP. Abin lura a nan shi ne zaɓen 2011: Kwankwaso ya dawo gwamna a PDP, amma Gaya ya sake cin kujerarsa a ANPP. Wato mutanen karkara sun iya rarrabe akwati da akwati. Ya ƙara ci a 2015 da 2019 a APC, shekara 16 ke nan cur. Sai a 2023 Kawu Sumaila na NNPP, wanda ya taɓa wakiltar Sumaila da Takai a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya kayar da shi da tazarar ƙuri'a sama da 100,000. A 2025 shi ma ya sauya sheƙa zuwa APC.

Akwai kuma abin baƙin ciki. A zaɓen 2023 rikici ya ɓarke a Tudun Wada, aka rasa rayuka, aka yi ƙone-ƙone, har sai da aka sake zaɓe a wasu rumfuna a watan Afrilu. Samarin da ake ba wa makami da ƙwaya a irin wannan rana 'ya'yan wasu mata ne kamar mu, kuma daga cikin gida suke fita.

Me za mu ɗauka a nan? Tun daga 1999 kujerar nan ta zagaya hannun PDP da ANPP da APC da NNPP, saboda haka ba gadon gidan kowa ba ce. Sannan har yau mace ba ta taɓa hawanta ba, duk da dogayen layukan mata da ake gani a rumfunan zaɓe. Ki kuma tuna, sanata shekara huɗu yake yi, kuma yana cikin masu amincewa da kasafin kuɗin ƙasa. Sabulu da taliya da atamfar da ake rabawa ana gobe zaɓe ba za su kai ki ko'ina a cikin shekara huɗun nan ba. Hanyar da za a bi da mai naƙuda zuwa asibiti cikin damina, da takin zamani, da makarantar 'ya'yanki, su ne abin tambaya.

Don haka idan kin kai shekara 18, ki yi shawara da maigida cikin ladabi, ki je ki yanki katin zaɓe, ki adana shi kamar yadda kike adana kuɗin adashi. Kada ki ba kowa shi, kuma abin da kika dangwala sirrinki ne. Ranar zaɓe kuma ki ja kunnen samarin gida su yi nesa da rigima.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.