Makamin da Ya Ci Amanar Masu Shi

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, ku yi mini afuwa.

Na daɗe ina buga wasan kwamfuta mai suna Silent Hunter III, wanda ya fito a 2005, inda mutum ke zama kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin teku na Jamus. Makaminsa shi ne topido, wato bam mai gudu cikin ruwa, kuma kunamarsa iri biyu ce. Ɗaya sai ta daki jirgi take tashi. Ɗayar mai maganaɗisu ce, ƙarfen jirgin take ji. Dabararta ita ce ka duba zurfin gindin jirgin, ka ƙara kamar mita 1, topidon ya bi ta ƙarƙashi ya fashe, ruwa ya ɗaga jirgin ya sake shi, ƙashin bayansa ya karye. Amma in teku ta haukace, bar ta, don a hanya za ta fashe. Wallahi na sha cizon yatsa.

Haushin nan ne ya kai ni ga tarihi. Ashe abin ba wasa ba ne. Ranar 14 ga Satumba 1939, jirgin U-39 ya harbi Ark Royal na Birtaniya, topidon suka fashe kafin su isa. Fashewar ta tona masa asiri, aka nutsar da shi, aka kame mutanensa. Shi ne na farko da Jamus ta rasa a yaƙin.

A Afrilun 1940, a gaɓar Nowe, abin ya ƙara muni. Günther Prien, gwarzon da ya nutsar da Royal Oak, ya tarar da jiragen Birtaniya a tsaye, ya yi ta harbi a banza. Ashe maganaɗisun ita kanta ƙasa yana sauyawa in an nausa arewa, sai kunamar ta rikice. Dönitz ya hana amfani da ita. Sai a 1942 aka gano wata cutar: iska na kutsawa cikin na'urar auna zurfi, topidon ya nutse fiye da kima.

Ni laifin masu ƙira nake gani, da suka tura 'ya'yan mutane teku ba tare da isasshen gwaji ba. Amurka ma haka ta yi da topidonta Mark 14, har sai da Nimitz ya sa aka kashe kunamar a Yunin 1943.