Tura Lantarki ta Fatar Kai Domin Tsayar da Farfaɗiya Mai Zarcewa: Nazarin Gwaje-gwajen Ɓeraye

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi gwaje-gwajen da aka yi wa ɓeraye daga 2006 zuwa 2018, ta auna amfanin tura lantarki ta wajen ƙoƙon kai a lokacin da farfaɗiya ta ƙi lafawa.

Gabatarwa

A 2015 Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta yanke cewa jijjigar da ta kama jiki duka ta wuce minti 5 ta zama mai zarcewa, in ta kai minti 30 kuwa ƙwayoyin jijiya na iya mutuwa. Diyazefam da danginsa su ne maganin farko, amma ƙarfinsu raguwa yake yi da tafiyar lokaci, domin makarɓan sinadarin GABA, inda maganin ke kamawa, sukan janye su shige cikin ƙwayar. Duk likitan da ya tsaya a kan yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ya san zafin jiran farfaɗiya ta lafa.

Gwaje-gwajen

Liebetanz da abokan aikinsa na Göttingen a Jamus sun nuna a 2006 cewa lantarki mai rauni, idan aka ɗora ɓangarensa mai kwantar da jijiya a kan kai, yana sa farfaɗiya ta yi wuyar tashi, kuma tasirin yana jimawa bayan an kashe na'urar. A 2007 Walter Besio ya gwada wata dabara a Amurka. Ya aske kan ɓera, ya ɗora masa ɗan faifai mai zobba, wani cikin wani, don lantarkin ya taru wuri guda. An tayar wa ɓerayen farfaɗiya da sinadarin filokafin, aka ba su bugun lantarki na ɗan lokaci, jijjigar ta ragu.

Aikin da na fi bai wa nauyi shi ne na Dhamne da Rotenberg a Boston, a 2015. Sun haɗa lantarkin da lorazefam, ɗaya daga dangin diyazefam, haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai tasiri. A ganina nan ne fa'idar take, wato lantarkin ya tallafa wa magani a daidai lokacin da ƙarfin maganin yake sanyi.

Tattaunawa

Sai dai kan ɓera ba kan mutum ba ne. Ƙoƙonsa siriri ne, kuma a wasu gwaje-gwajen ɗage fata ake yi a manna faifan a kan ƙashi, alhali ana kiran aikin marar tiyata. Vöröslakos da abokan aikinsa sun auna a 2018 cewa kusan kashi 75 cikin 100 na lantarkin da aka tura ta fatar kan mutum, fata da ƙashi ne ke tare shi. Miliamfa 1 ko 2 da aka saba bai wa mutane bai kai abin da ƙwaƙwalwar ɓera ke samu ba. Ina ganin wajibi ne gwaji na gaba ya auna ƙarfin lantarkin a cikin ƙwaƙwalwar kanta, kuma a jira har maganin farko ya gaza kafin a kunna na'urar.