Kuɗin Sallama da Muryar Iyaye Mata a Kannywood: Nazari a kan Ƙorafin Ladin Cima

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ƙorafin da tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta yi a shekarar 2022 kan kuɗin da ake biyanta, tare da kwatanta shi da gwagwarmayar 'yan wasa mata a masana'antar fim ta harshen Malayalam a jihar Kerala ta Indiya. An gano cewa cibiyoyin da ke kula da fim a Kano sun fi himma wajen tsaron tarbiyya a kan tsaron haƙƙin ma'aikaci.

1.0 Gabatarwa

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa bai taɓa rabuwa da uwa ba. Ita ke sa albarka, ita ke tsine wa ɗa, ita ke hana aure. Mai kallo a Zuru ya san fuskokin waɗannan iyaye kamar yadda na Fagge ya san su. Abin da nazarce-nazarce ba su cika taɓowa ba shi ne abin da ke shiga hannunsu in an tashi daga lokeshin.

2.0 Ƙorafin da Martaninsa

A Fabrairun 2022, cikin shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, Ladin Cima ta bayyana cewa akan sallame ta da naira 2,000 zuwa 5,000, kuma bayan shekaru masu yawa a sana'ar ba ta mallaki muhalli ba. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi sun fito sun ce sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. Wasu furodusoshi suka kafa hujja da tsarin biya: ana lissafi ne da yawan fitowa, uwa kuwa ba ta cika wuce fitowa biyu ko uku ba, a yi su cikin wuni guda.

Hujjar ba ta rushe ƙorafin ba, bayani ta ƙara masa. In ladan aiki ya rataya a kan yawan fitowa, marubuci kuma ya tanadi fitowa masu yawa don samari da 'yammata, to tsufa kansa ya zama ragin albashi. Kalmar "sallama" ma ana amfani da ita ne don babu yarjejeniya a rubuce, abin da mai fim ya ga dama shi ke zama farashi. Shi ya sa muhawarar ta ƙare a ka-ce-na-ce, kowa da lissafinsa na baki.

3.0 Kwatanci da Kerala

Bayan sace wata 'yar wasa da cin zarafinta a Kochi a Fabrairun 2017, mata irin su Revathi da Parvathy Thiruvothu suka kafa ƙungiyar mata 'yan fim ta WCC, suka matsa wa gwamnatin jihar lamba. Gwamnati ta naɗa kwamitin Mai Shari'a K. Hema, cikinsa har da tsohuwar 'yar wasa Sarada. An miƙa rahoton a Disambar 2019, aka danne shi har Agustan 2024. Bayan lalata da mata, rahoton ya taɓo rashin yarjejeniya, bambancin biya, har da rashin banɗaki a wurin ɗaukar fim. Kwanaki kaɗan da fitowarsa Mohanlal da sauran shugabannin ƙungiyar 'yan wasa ta AMMA suka ajiye muƙamansu.

A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai tun 2001, akwai ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN, wadda ta kori 'yar wasa Rahama Sadau a Oktoban 2016 jim kaɗan da fitowar bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ da ta fito a ciki. Ƙarfin hukunci dai akwai shi. Maganar Tambaya kuwa tausayi ta jawo da gudummawar ɗaiɗaikun mutane, alhali ba sadaka ce maganin matsalar ba.

4.0 Shawara

Ya kamata MOPPAN ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin wuni ga 'yan wasan da suka daɗe a sana'ar, ita kuma hukumar ta sa rubutacciyar yarjejeniyar biyan 'yan wasa cikin takardun da za a gabatar kafin a ba fim shaidar tacewa.