Abin da Zaƙi ke Ɓoyewa a Kwalbar Maganin Tari

Kalmar "sirof" da ake kiran maganin tari na ruwa da ita asalinta Larabci ce. Daga "sharab", wato abin sha, ta shiga Latinanci, sannan ta bazu cikin harsunan Turai. Likitocin Bagadaza da Farisa sun ƙware wajen dafa saiwoyi da ganyaye cikin sukari ko zuma saboda dalilai biyu: kaurin sukari yana hana magani lalacewa, kuma yaro ba ya haɗiye ɗaci da son ransa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe juzu'i na biyar na littafinsa Al-Ƙanun ga haɗaɗɗun magunguna, har da ire-iren sharab. Cikin waɗanda ake ba mai tari a wancan zamani akwai na tsiron kashkash, wanda daga ƙoƙonsa ake tatsar ofiyom.

Kashkash tsiro ne kamar citta da kanumfari, amma yana kwantar da tari ne ta hanyar danne cibiyar da ke sarrafa shi a ƙwaƙwalwa, kuma idan ya yi yawa sai ya danne numfashi. Wannan haɗari ya ƙaru a farkon ƙarni na 19, lokacin da wani mai harhaɗa magani Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin mofin daga ofiyom, masana'antu kuma suka shigo cikin harkar. A shekarun 1840 aka fara sayar da Mrs. Winslow's Soothing Syrup a jihar Maine ta Amurka, domin jarirai masu haƙori. Akwai mofin a cikinsa, amma takardar kwalbar ba ta faɗi haka ba. Uwa takan ga ɗanta ya yi barci ta yi hamdala, wasu yaran kuwa daga wannan barci ba su farka ba. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fito da hirowin a matsayin maganin tari. Sai a 1906 Amurka ta yi dokar da ta tilasta rubuta sunan irin waɗannan sinadarai a jikin kwalba.

Dokar ta tsare ƙofa ɗaya, ɓarna ta shigo ta wata. Maganin ruwa yana bukatar abin da za a narkar da shi a ciki, yawanci gilisarin ko makamancinsa. Akwai wani sinadarin masana'antu mai suna dayetilin gilaikol da ya yi kama da shi, ga zaƙi ga araha, sai dai yana lalata ƙoda har fitsari ya ɗauke. A 1937 kamfanin Massengill na jihar Tennessee ya narkar da wani maganin ƙwayoyin cuta a cikinsa, mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Shekara guda bayan haka aka yi dokar da ta hana sayar da sabon magani sai an tabbatar ba ya cutarwa.

Wannan guba ce ta iso Najeriya a 1990, inda yara 109 suka rasu bayan shan gurɓataccen farasitamol na ruwa, musamman a Jos da Ibadan. Musibar tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka, tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙorin jarirai My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84. A 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan magungunan tari da mura guda huɗu da aka haɗa a Indiya.

Ba abin mamaki ba ne da iyaye da yawa suka koma neman kwalbar da aka rubuta wa "na ganye". Sai dai kalmar tana bayyana tsiron da aka sa ne kawai, ba ta cewa komai game da adadinsa ko ruwan da aka narkar da shi. Ofiyom ma daga gona ya fito. Hatta zuma, wadda bincike ya nuna tana sauƙaƙa tarin dare ga yara, likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda ƙwayar cutar da kan ɓuya a cikinta ta shanye jijiyoyinsa.

Harshen yaro zaƙi kawai yake ji, idon uwa kuma launi kawai yake gani. Abin da ke cikin kwalba sai ɗakin gwaji ke iya faɗa, kuma tarihi ya nuna cewa a lokuta da dama sai da aka yi jana'izar yara kafin aka wajabta gwajin.